Yadda Ake Haɗa Albam na Rok Mai Nauyi da Okestira, Daga Rubutu Har Zuwa Miksin

A ranar 24 ga Satumba 1969, ƙungiyar Deep Purple ta hau dandamalin Royal Albert Hall a Landan tare da Royal Philharmonic Orchestra, Malcolm Arnold yana riƙe da sandar jagorancin makaɗa. A gefe guda samari biyar ne da jitar lantarki da ganguna da ogan. A ɗaya gefen kuma makaɗa ne birjik, kowa da takardarsa a gabansa. Jon Lord, mai kaɗa musu ogan, shi ya rubuta kiɗan, kuma da ka saurara za ka gane ya san inda gizo ke saƙar. A kashi na farko bai bari ɓangarorin biyu sun cakuɗe ba, wannan ya yi nasa ya ja baya, wancan ya amsa, kamar 'yan dambe biyu masu auna juna. Sai can a kashi na uku ya sake su suka haɗe.

Matsalar da ya yi fama da ita tana nan har yau, kuma matsalar wuri ce. Jita ɗaya da aka cusa wa amfilifaya tana iya danne masu biyolin goma sha shida ba tare da mai ita ya yi gumi ba. Duk ƙungiyar da ke son albam mai gurnanin jita da faɗin okestira a lokaci guda, sai ta yarda tun farko cewa jita za ta matsa ta ba baƙo wurin zama. In ba haka ba, za ku biya makaɗa arba'in, a ƙarshe mai sauraro ya ji wani ɗan iska-iska a bayan waƙa, ya ɗauka fiyano ce.

Ga wanda bai saba ba, okestira gida huɗu ce. Akwai masu tsirkiya da ake gogawa da baka, dangin goge ke nan: biyolin, biyola, celo, da babbar kwantirabes da ake kaɗawa a tsaye. Akwai masu busa na itace: sarewa, kilarinet, basun, da obo wanda bakinsa irin na algaita ne. Akwai masu busa na tagulla: tirampet, ƙaho, tirambon da tuba. Sai kayan bugu, wanda babbansu shi ne timfani, mai kama da tambari amma ana iya sauya masa murya da ƙafa.

Mataki na farko: ku yanke aikin da okestira za ta yi kafin ku gama waƙoƙin

Tun ran gini tun ran zane. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gama waƙa tsaf, jita ta cika ko'ina daga farko har ƙarshe, sannan a kira mai tsara kiɗa a ce ya ɗora okestira a kai. Bawan Allah zai yi ta neman ramin da zai cusa sauti kamar mai neman wurin ajiye ƙafa a motar kasuwa.

Ana iya yin hakan a ci nasara, amma sai gwani. Da Metallica ta yi wasa da San Francisco Symphony a watan Afrilu 1999, wanda ya fito a albam ɗin S&M, yawancin waƙoƙin tsofaffi ne da duniya ta riga ta haddace, Michael Kamen ya rubuta wa okestira abin da za ta yi a kansu. A kunnena, inda abin ya fi zama daidai shi ne inda babu muryar mawaƙi kuma jita ta buɗe fili. Inda waƙa ke gudu ba numfashi kuwa, sai ka ji masu biyolin suna ta kai-komo a sama don kada a manta da su.

Ku zauna da kowace waƙa, ku yi mata tambaya ɗaya: a wannan wurin, wa ke magana? In jita ce ke magana, okestira ta yi shiru ko ta riƙe sauti ɗaya mai tsawo a bayanta. In okestira ce, jita ta koma ƙasa ta riƙe gindi, ko ta ajiye gurnani ta koma sauti mai tsabta, ko ma ta fita gaba ɗaya. Wuraren da duka biyun za su yi ihu tare su zama kaɗan, a ɓoye su sai kusa da ƙarshe. Ƙungiyar Mono ta Tokiyo, wadda ba ta da mawaƙi, ta nuna wannan a albam ɗinta na 2009, Hymn to the Immortal Wind, wanda Steve Albini ya ɗauka a situdiyonsa na Electrical Audio a Shikago. Kiɗansu yakan fara da raɗa, ya yi mintuna yana hawa a hankali, masu tsirkiya suna da fili a gabansu, ta yadda lokacin da jita ta ɓarke kunne ya riga ya kama zaren okestira, yana ci gaba da binsa ko da guguwa ta taso.

Ku zana taswirar kowace waƙa a takarda: daga daƙiƙa kaza zuwa kaza na wane ne. Mai jita zai ji haushi da ya ga an share masa minti biyu. Ku ba shi haƙuri, ku share.

Mataki na biyu: ku san inda kowane kayan kiɗa ke zaune

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kansa. Ana auna kaurin sauti ko sirantarsa da haz, wato yawan girgizarsa a daƙiƙa ɗaya. Tsirkiya mafi kauri ta jita, in an ɗaure ta yadda aka saba, tana kan sautin da ake kira E, wajen haz 82. Masu kiɗa mai nauyi sukan sassauta ta zuwa D, wajen haz 73, ko C, wajen haz 65. To ita celo, sautinta na can ƙasa shi ne wannan C ɗin, haz 65. Kwantirabes da jitar bes kuwa dukansu suna farawa daga E na ƙasa, wajen haz 41. Biyola tana farawa wajen haz 131, biyolin kuma wajen haz 196.

Ka ga ke nan jita da celo ɗaki ɗaya aka ba su, bes da kwantirabes ma gado ɗaya. Kuma jitar da aka sa wa distoshan, wato wannan gurnanin da amfilifaya ke yi in an matsa mata, ba ta tsayawa a kan sautin da aka buga. Tana haifar da 'ya'yan sauti masu yawa a samansa har zuwa haz dubu huɗu ko biyar, ta cika tsakiyar fili fam. Duk abin da ke zaune a tsakiyar nan zai nutse: biyola, celo, ƙaho in ya busa a hankali, kilarinet, basun.

Ga abin da ke aiki. Idan jita na gurnani, ku tura masu biyolin sama, sama da inda mawaƙi ke waƙa, kuma ku bar su duka su bi layi ɗaya, ko rabi a sama rabi a oktaf na ƙasa. Oktaf shi ne sauti ɗaya a murya biyu, ta babba da ta yaro. Kada ku raba su gida huɗu ko biyar a wurin hayaniya, domin duk rabawa tana rage musu ƙarfi. Ku ajiye wannan ƙawar sai wurin da aka yi tsit. Tirampet da tirambon suna da kaifin da ke huda jita, su ne sojojinku a wurin ƙara. Ƙaho kuwa sai an tara su huɗu a layi ɗaya kafin a ji shi da kyau. Sarewa da obo da kilarinet ku bar su ga wuraren natsuwa, in ban da 'yar ƙaramar sarewa, fikolo, wadda ko a tsakiyar yaƙi sai an ji ta.

Celo da kwantirabes fa? Hanya biyu ce. Ko dai su bi jita sau da ƙafa, su buga abin da take bugawa daidai, sai su ƙara mata kauri da wani duhu na itace, ko da ba a rarrabe su. Ko kuma a bar su su huta har sai jita ta yi shiru. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ba celo wani layi nata daban a ƙarƙashin gurnani: laka kawai za a samu. Akwai kuma tarko ga masu jita mai tsirkiya bakwai. Tsirkiyarsu ta ƙasa B ce, wajen haz 62, ƙasa da inda celo ke iya kaiwa. In rif ɗinku, wato ɗan kiɗan da jita ke maimaitawa, yana zaune a kan wannan B, dole celo ta hau oktaf ɗaya sama, kuma nauyin da kuke tsammani ba zai zo daga gare ta ba.

Wata dabara da nake ganin ta fi kowace amfani. Masu rok sukan buga sauti biyu kacal a tare, gindin kod (wato sautukan da ake bugawa tare) da na biyar ɗinsa, saboda in an ƙara sauti na uku a cikin distoshan sai ya dagule. Amma wannan sauti na ukun shi ne ke faɗa wa zuciya ko kod ɗin na farin ciki ne ko na baƙin ciki. Tunda jita ta bar shi, ku ba okestira. Jita ta riƙe ƙashi, masu biyolin da ƙaho su sa nama. Kuna iya maimaita rif ɗaya sau huɗu, okestira tana sauya wannan sauti a samansa, mai sauraro ya ji kamar waƙar ta yi tafiya mai nisa alhali hannun mai jita bai gusa ba.

Sai mai ganguna. Faya-fayan tagullar da yake duka suna watsa sauti a daidai inda ƙyallin biyolin yake. A duk inda kuke son a ji masu tsirkiya, ku roƙe shi ya sauko kan manyan ganguna ya bar fayan. Wannan roƙo ya fi duk wata na'urar gyaran sauti da za ku saya.

Mataki na uku: ki da ɗaurin tsirkiya

Ki, wato gidan da waƙa ke zaune, yana da tasiri a kan masu tsirkiya. Tsirkiyoyin biyolin G, D, A da E ne, na biyola da celo kuma C, G, D da A. Waƙar da ke zaune a D ko G ko A ko C tana sa jikin kayan ya amsa da kansa, sauti ya buɗe. In kun sassauta jitocinku rabin mataki kuka faɗa gidan da takardarsa ke cike da alamomin ɗaga sauti ko sauke shi, ƙwararru za su kaɗa, amma sautin zai ɗan dushe, kuma wurare masu gudu za su ci lokaci.

Sannan ku tambayi okestirar da za ku ɗauka a kan nawa take ɗaure A ɗinta. Na'urar da masu jita ke ɗaure tsirkiya da ita tana zuwa a kan haz 440. Okestirori da dama a nahiyar Turai kuwa suna ɗaurewa a 442 ko 443. Bambancin kaɗan ne, amma in sauti mai tsawo ya haɗu da ɗan'uwansa za ka ji suna karkarwa kamar ba su jituwa. Ku daidaita magana kafin a ɗauki jita ko ɗaya: ko ku hau 442, ko a sanar da su da wuri su sauko 440. Ku tuna kayan bugu na ƙarfe masu murya, irin su gulokenshifil, ba a sake musu ɗauri, yadda aka ƙera su haka suke.

Mataki na huɗu: kilik

A 1970 Pink Floyd ta ɗauki dogon kiɗan nan na Atom Heart Mother a situdiyon Abbey Road na Landan, wanda ya haura minti 23. Sabuwar na'urar ɗauka ce a lokacin, kuma ba a yarda a yanka tef ɗin a liƙa ba, don haka Roger Waters da Nick Mason suka kaɗa bes da ganguna daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Gudun kiɗan ya riƙa hawa da sauka. Da mai tsara kiɗa Ron Geesin ya zo ɗora masu tagulla da mawaƙan amshi a kai, sai aka sha wuya, domin makaɗan da ke karanta takarda suna ƙirga ne, kuma ƙasar da suke takawa tana motsi.

Maganin wannan shi ne kilik, ɗan ƙyas-ƙyas ɗin da ke bugawa a kunnen kowa yana riƙe gudu. Wasu masu rok suna ƙinsa, suna cewa yana kashe rai. Ba dole ba ne ya zama gudu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ku ɗauki waƙar yadda kuka saba kaɗa ta, sannan ku zana taswirar gudunta a manhajar ɗauka, inda take sauri a bar ta, inda take jan ƙafa a bar ta, sai dai a sassaita tsalle-tsallen da ba su da dalili. Daga nan wannan taswira ta zama doka. Ba mai ƙara gaɓa, wato rukunin bugun da makaɗa ke ƙirgawa, ko rage ta bayan an tura wa mai rubuta takarda. Gaɓa ɗaya da aka cire a ɓoye tana iya cinye muku rubu'in awa a ranar ɗauka, mutum arba'in suna zaune ana neman inda lissafi ya karkace.

Mataki na biyar: ku gwada a kwamfuta tukuna

Kafin ku biya kowa, ku gina okestirar ƙarya da sautukan da aka riga aka ɗauka. Spitfire Audio tana da na BBC Symphony Orchestra, har da ƙaramin zubi na kyauta mai suna Discover, akwai kuma Vienna Symphonic Library da tarin waɗanda ke aiki a cikin manhajar Kontakt. Ku ɗora a kan jitocinku ku saurara. Abin da bai fito ba a nan, ba zai fito a situdiyo ba.

Amma kwamfuta maƙaryaciya ce. Tirampet ɗinta ba ya numfashi, yana iya riƙe sauti minti ɗaya da ƙarfi, ɗan Adam kuwa leɓensa zai mutu. Sarewarta tana iya fin tirambon ƙara in ka ɗaga mata maɓalli. Biyolin ɗinta tana tsalle daga ƙasa zuwa sama ba yatsa. Duk layin da kuka rubuta wa mai busa, ɗayanku ya rera shi da baki, inda numfashinsa ya ƙare a nan za a sa hutu.

Mataki na shida: takarda

Makaɗan okestira ba sa koyon waƙa da ka kamar yadda kuke yi. Suna zuwa, su buɗe takarda, su kaɗa abin da suka gani a karon farko, kuma abin da ba a rubuta ba babu shi. In babu mai iya rubutun kiɗa a cikinku, ku ɗauki mai tsarawa, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce tun farko: aikin haya ya yi, ko yana da kaso a matsayin wanda ya ƙirƙiri kiɗa? Wasu ƙungiyoyin sun huta da wannan domin gwanin yana cikin gida, kamar Septicflesh ta ƙasar Girka, wadda mai jitarta Christos Antoniou ya yi karatun kiɗan okestira, shi ke rubuta musu.

Ana rubutawa da manhajar Sibelius ko Dorico, ko MuseScore wanda kyauta ne. Finale da aka daɗe ana amfani da shi an daina sayar da shi a 2024. Abubuwan da za ku duba da idonku ko da ba ku iya karatu sosai ba: lambar gaɓa ta fito a sarari kuma ta dace da ta manhajar ɗauka, alamun ƙarfi da laushi suna ko'ina, an nuna inda za a goga da baka da inda za a tsinka da yatsa, kuma juya shafi ya faɗo a inda makaɗi ke hutu. Ƙaho da kilarinet da tirampet ana rubuta musu sauti daban da wanda ke fita, manhaja tana yin wannan juyin da kanta, amma a tabbatar an kunna shi kafin a buga takardun. Ku sa gaɓa biyu na kilik kafin kowace shiga.

Abu ɗaya game da rif masu gudu. Abin da ke da sauƙi a jita, kamar maimaita sauti ɗaya da sauri, yana da sauƙi ga masu baka ma, har ya fi kyau in sun yi shi gajere-gajere bakan yana tsalle. Amma rif mai karyayyen lissafi, irin na bakwai ko goma sha ɗaya, sai an rubuta shi yadda ido zai ga inda nauyi ke faɗawa. Ku zauna da mai rubutu ku tafa masa da hannu yadda kuke jinsa.

Mataki na bakwai: mutum nawa, kuma a ina

Cikakkiyar okestira tana da masu biyolin na farko 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, kwantirabes 8, kafin a zo ga masu busa. Ba kowa ke da wannan kuɗin ba, kuma ba kowace waƙa ke buƙatarsa ba. Masu tsirkiya ashirin da 'yan kai, tare da ƙaho huɗu da tirambon uku, suna isa albam mai nauyi in an rubuta musu da hankali.

Biranen Firag da Budafes na Turai sun zama kasuwar wannan aiki saboda sun fi Landan sauƙin kuɗi kuma makaɗansu sun saba da kilik. A Firag Dimmu Borgir ta Norwe ta ɗauki okestirar albam ɗinta na 2003, Death Cult Armageddon, can ma Septicflesh ta je don Communion na 2008. Yanzu ba sai kun yi tafiya ba. Ana sayen lokaci, wani lokaci ma rabin awa a cikin zaman da ake rabawa tsakanin masu buƙata da yawa, ku saurara kai tsaye ta intanet kuna ba da gyara. Ku tambaya ko biyan na sau ɗaya ne ko akwai wani haƙƙi da zai biyo baya, kuma ko ana ƙarin kuɗi in an sa su maimaita layi a ɗora a kan na farko. A Ingila zama ɗaya awa uku ne, kuma ƙa'idar ƙungiyar makaɗa ta iyakance kiɗan da za a ɗauka a ciki zuwa minti 20. Ko inda babu wannan ƙa'ida, kada ku yi lissafin fiye da haka, musamman in kiɗan mai wuya ne.

Wanda ke Najeriya kuma yake son makaɗa na zahiri a kusa, Legas ce wurin dubawa, inda cibiyar MUSON ke da makarantar kiɗa da okestira. Ga mai ƙaramin aljihu, hanya mafi kyau ita ce gauraye: sautin kwamfuta ya riƙe faɗi, sannan a ɗauki mutum huɗu ko biyar na gaske a ɗora a sama, su kawo numfashi da ƙarar baka a kan tsirkiya. In za ku sa mai biyolin ɗaya ya maimaita layi sau takwas don ya zama taro, ku riƙa sauya masa kujera da nisan makirufo, in da hali ya sauya biyolin ɗin ma. In ba haka ba za ku sami mutum ɗaya mai amsa-kuwwa, ba mutum takwas ba.

Mataki na takwas: ranar ɗauka

Ku gama ganguna da bes da jita kafin wannan rana. Ku tura fayiloli da wuri, a rarrabe: kilik daban, ganguna daban, jita daban, murya daban, a kan ma'auni ɗaya da situdiyon, galibi kilohaz 48 da bit 24. Makaɗan tsirkiya da yawa sukan rufe kunne ɗaya ne kawai da hedifon don su ji kayansu, kuma ba sa son gurnanin jita a kunne. Ku ba su kilik da ɗan bes da ganguna. Kilik ɗin kada ya yi ƙara har ya zubo cikin makirufo a wuraren shiru, wannan yakan ɓata ɗauka mai kyau ba a sani ba sai an koma gida.

In kuɗi ya ba da dama, a ɗauki masu tsirkiya daban, masu tagulla daban. Ana rasa ɗan armashin kaɗawa tare, amma a kiɗa mai nauyi za ku buƙaci ɗaga biyolin ba tare da tirambon ya biyo ta ba. Injiniya zai kafa makirufo uku a sama da kan madugu, wato mai riƙe da sandar jagorancin makaɗa, tsarin da kamfanin Decca ya fito da shi a shekarun 1950, sannan ya sa wasu kusa da kowane rukuni. Ku nace a kan na kusan nan, su za su cece ku.

Ku fara da waƙa mai matsakaicin wuya don kowa ya warware, mafi wuya ta biyo baya tun leɓen masu busa bai gaji ba. Mutum ɗaya ne zai yi magana da madugu, kuma da lambar gaɓa: daga 41 zuwa 48, a gajarta, a ƙara cizo. Kada mutum biyar su riƙa jefa baki. Masu baka a ɗabi'arsu sautinsu yakan makara kaɗan bayan kilik, domin tsirkiya tana ɗaukar lokaci kafin ta amsa. A wurin rif ku ce su hau kan kilik, sun san abin da ake nufi. In agogo ya cika, sun tashi, ko da saura gaɓa huɗu, don haka ku ajiye minti goma na ƙarshe don gyare-gyare.

Mataki na tara: miksin, wato haɗa sautukan da daidaita su

Ku fara da rage distoshan ɗin jita fiye da yadda kuka saba. In kun ɗauki sautin jitar tsura tun farko, kafin ya shiga amfilifaya, za ku iya sake tura shi ta cikinta yanzu da gurnani kaɗan. Abin mamaki, jita mai ƙarancin gurnani takan fi jin nauyi in okestira na bayanta. Ku tura jitoci can dama da can hagu, ku bar tsakiya. Ku yanke ƙasan okestira a wuraren ƙara, ku bar wa bes da babbar ganga, sannan ku dawo da shi in an shiga shiru. A wurin hayaniya ku dogara da makirufo na kusa, a wurin natsuwa ku buɗe na sama ɗakin ya yi magana.

Babban aikin hannu ne: ɗaga wannan a gaɓa kaza, sauke wancan a gaɓa kaza, waƙa bayan waƙa. Babu saiti ɗaya da zai riƙe daga farko zuwa ƙarshe. Akwai kuma batun ɗaki. An ɗauki okestira a babban zaure, an ɗauki jita da makirufo manne da lasifika, sai su ji kamar mutanen gari biyu. Ku ɗan ba ganguna da jita kaɗan daga amsa-kuwwar zauren, ku rage ta okestira, har su haɗu a tsakiya.

A wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe na sauti, kada ku matse albam ɗin don ya yi ƙara. Spotify tana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara na LUFS, don haka matsewa ba za ta sa ku fi kowa ƙara ba, sai dai ta kashe tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, wadda ita kuka biya kuɗi don ku samu. Ku saurara a mota da kuma ƙaramar lasifikar waya. In a waya ana jin layin biyolin a wurin da ya fi ƙara, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Na ƙarshe: ku adana takardun

Ku ajiye babbar takardar madugu, da ta kowane makaɗi, da taswirar gudu, da sautin kowane rukuni a rarrabe, a wuri fiye da ɗaya. Za ku buƙace su ranar da za ku hau dandamali ba okestira, kuna kunna ta daga kwamfuta mai ganguna yana bin kilik, ko ranar da wata okestira ta gayyace ku. Takardar kiɗan da Jon Lord ya rubuta wa Deep Purple ta ɓace bayan 1970, aka yi shekaru ba a iya sake kaɗa shi ba. Sai da wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Holan, Marco de Goeij, ya zauna yana sauraron faifan yana kallon bidiyon wasan, yana bin yatsun makaɗa, ya sake rubuta shi. Da wannan aka koma Royal Albert Hall a watan Satumba 1999, tare da London Symphony Orchestra, Paul Mann yana riƙe da sanda.